Sharhi a kan kayan matse ganye da hatimin yin katin gaisuwa

Wata huɗu ke nan da na sayi wani kunshin kayan yin katin gaisuwa da hannu, kuma bayan da na yi katuna fiye da 30 da shi, na ga ya kamata in faɗi abin da na gani. A cikin kwalin akwai allunan katako biyu masu kusoshi huɗu da ake murɗawa, ɗaya a kowace kusurwa, da fallayen kwali, da takarda mai shan ruwa, da hatimai shida na roba, da ɗan akwatin tawada baƙa, sai kuma katuna marasa rubutu masu girman A6, wato santimita 10.5 da 14.8.

Abin matse ganyen shi ne ya biya kuɗinsa. Ana shimfiɗa ganye ko fure tsakanin takardu biyu masu shan ruwa, a ɗora kwali, a rufe da katako, sannan a ɗaure kusoshin daidai wa daida don kada wani gefe ya fi wani matsuwa. Takardar bayanin da ta zo da kayan ta ce a jira mako biyu zuwa uku, amma da hunturu ya kama sai na tarar siraran ganye sun bushe ƙayau cikin kwana goma. Wanda na fara gwadawa a ƙarshen damina kuwa fumfuna ce ta cinye shi, saboda ban canza takarda mai shan ruwan ba a kwanakin farko, lokacin da ganyen yake fitar da mafi yawan ruwansa.

Ban nemi furen wata ƙasa ba, abin da ke tsakar gida da bakin hanya na tsinka. Kan ciyawar harkiya ya ba ni mamaki ƙwarai, domin siraran yatsunsa suna kwanciya a kan farin kati kamar an zana su da alƙalami. Furen nan mai kama da takarda da ake shukawa a jikin katanga, wato bogenbiliya, ya riƙe launinsa sosai, muddin ba a bar katin a rana ba. Ganyen tsamiya yana da kyau, sai dai yana rufewa jim kaɗan bayan an tsinke shi, don haka dole a kai katakon har gindin bishiyar. Zogale kuma yana kakkaɓewa daga sandarsa idan ya bushe, sai na riƙa ɗaukar ganyen ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinke, ina ɗiga masa farin gam kaɗan, ina jera shi yadda yake a da. Aikin yana cin lokaci, amma katin zogalen ne yayata ta ajiye a cikin akwatinta.

A ɓangaren tawada ne kayan suka gaza. Tawadar mai ruwa-ruwa ce, tana bushewa da sauri a kan takarda, amma idan ta hau kan ganye ba ta kamawa, domin bayan ganye yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma. Katuna uku na ɓata kafin in gane cewa hatimi ake fara bugawa a kan katin, a bar shi ya sha iska, sannan a jera ganyen a kewaye da rubutun. Takardar bayanin ba ta faɗi haka ba, kuma ya kamata a ce ta faɗa. Akwatin tawadar ma ya fara bushewa tun wata na biyu, duk da cewa ina rufe shi.

Hatiman kansu suna fita tsaf, sai dai rubutunsu duka na Turanci ne, babu wanda zan iya aika wa Hajiyarmu. Na je wajen masu yin hatimin ofis aka yi mini guda biyu, ɗaya "Barka da Sallah", ɗaya kuma "Allah ya raya", na barkar haihuwa. Wanda zai sayi wannan kunshi ya saye shi saboda katakon matsewa da katunan, amma ya tanadi tawada mai kyau daban, ya kuma sa a yi masa hatimin da ke ɗauke da gaisuwar da mutanensa suka saba ji.