Tsuntsu ko zaki: surfanin ƙirjin jami'an Sin

A zamanin daular Cing ta ƙasar Sin (1644 zuwa 1912), muƙamin jami'i yana rubuce a ƙirjin rigarsa, cikin surfanin alharini mai kusurwa huɗu. Ma'aikacin mulki, wanda ya ci jarrabawar sarauta, tsuntsu yake sawa: gauraka ga mai daraja ta ɗaya, ɗawisu ga ta uku. Soja kuwa naman dawa ne rabonsa, zaki ga ta biyu, damisa ga ta uku.

Ni dai na tsuntsu ya fi burge ni. A surfanin, tsuntsun yana ɗaga kai yana kallon jar rana, alamar sarki, kowane gashi da zarensa. Na soja ƙarfi yake nunawa, amma a fadar Beijin alƙalami ya fi takobi daraja.