Kokowa ko gudu: wanne zai fi haɗa kan matasan Damagaram?

Kokowa tamu ce. Tun 1975 ake gasar kokowa ta Takobi ta ƙasar Nijar, kuma idan makaɗa suka tashi, ɗan unguwar Birni da ɗan unguwar Zango murya ɗaya suke yi a bayan ɗan wasan jiharsu. Sai dai a fili mutum biyu ne ke kamawa, ɗaya ya kayar, ɗaya ya sha ƙasa, sauran jama'a 'yan kallo ne.

Gudu kuwa kowa na iya shiga. Ba ya neman ƙwanji ko laya, takalmi kawai. A Kenya, shahararriyar 'yar tsere Tegla Loroupe ta fara gudun zaman lafiya a 2003, inda samarin Pokot da Turkana, masu kashe juna a kan satar shanu, suka yi tsere a hanya ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar kanta. A ce an taso daga ƙofar fadar Sarkin Damagaram, a ratsa Garin Malam, a shiga Kara-Kara, unguwar da wasu suka girma ba su taɓa takawa ba saboda tsoron 'yan fale, wato gungun samarin da aka sani da ta da hankali. Yaron da ake jin tsoro, shi zai miƙa maka ruwa a bakin titi. Kirista da Musulmi ma, bayan ƙone-ƙonen coci na Janairun 2015, suna bukatar irin wannan haɗuwa.

Matsalar gudu zafi ne. Sai a yi shi da hunturu, bayan asuba. Ni gudun na zaɓa, a bar kokowa ta rufe taron da yamma.