Kayan haɗa ƙaramin injin tururi: injin ya tashi, amma silindar da aka aiko mini ta ɓata mini rai

Masu sha'awar wannan aiki sun san irin kayan da nake nufi, sun kuma san abin da mutum yake kashewa kafin su iso Jos, saboda haka ba zan tsaya a kan farashi ba. Abin da ake aikowa ɗanyen ƙarfen zubi ne da sandunan tagulla da takardar zane, sai mai saye ya sassaƙe kowane yanki da kansa har ya zama injin tsaye mai silinda ɗaya, wadda faɗin bakinta inci uku bisa huɗu ne, wato kimanin milimita 19. Gindin injin da wilin da ke daidaita juyi sun sassaƙu lafiya.

Silindar ce matsalar. Na ɗaura ta a injin sassaƙa ƙarfe da ke ɗakin aikina na bayan gida, ina rarake cikinta sannu a hankali, ƙarfen yana zubowa baƙi kamar garin gawayi, wanda alama ce ta zubi mai kyau. Saura kaɗan in kai awon da zane ya nuna sai na ji sautin yankan ya canza, yana tsallake wani wuri a kowane juyi. Da na tsayar da injin na haska fitila, sai ga rami a jikin bangon, daidai inda fistan, wato ƙarfen da tururi ke turawa sama da ƙasa a cikin silindar, zai riƙa wucewa, bakinsa da kaushi, da ɓurɓushin yashi a ciki. Iska ce ta maƙale lokacin da aka zuba narkakken ƙarfen, kuma ba a ganinta daga waje. Ta wannan rami tururi zai riƙa zagaye fistan ya tsere ɗaya ɓangaren, injin ya rasa ƙarfi.

Na san irin wannan yakan faru ko a wurin ƙwararrun masu zubi, kuma da an ce mini a yi haƙuri za a aiko wata, da ban rubuta wannan sharhi ba. Na aika wa mai sayarwar hotuna masu haske tare da bayani. Amsar da ta zo bayan dogon jira ita ce, tunda na riga na sa wa ƙarfen hannu, ba za a canza shi ba. To, ta yaya mutum zai ga ramin da ke cikin ƙarfe ba tare da ya yanka ba? Wannan amsa ta fi ramin kansa ƙona mini rai, domin ta nuna wanda ya rubuta ta bai san abin da yake sayarwa ba.

Wani dattijo mai sassaƙar ƙarfe a wajen Dilimi ne ya cece ni. A hannun tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ya koyi aiki, waɗanda suka riski ƙaramin jirgin da ke ɗaukar kuza tsakanin Bukuru da Zariya kafin a rufe layin a 1957. Ya juya silindar a hannunsa, ya sa farce a ramin, na ce, "Baba, a jefar da ita ne?" Ya ce, "A'a, ɗana, riga za mu sa mata." Ya ƙara faɗin cikin silindar, ya sassaƙa bututun tagulla ya danna shi ciki da matsi, sannan ya ba ni in kai shi awon zane da hannuna, ya kuma tuna mini in sake buɗe hanyoyin tururi na sama da ƙasa waɗanda rigar ta toshe.

Ranar da na fara hura wuta a ƙarƙashin tukunyar da ke tafasa ruwa ta ba injin tururi, da sanyin safiya ne a tsakiyar hunturu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yakan tafasa a wajen digiri 96, amma a rufaffiyar tukunya wannan ba ya hana matsi taruwa. Sanyin ƙarfen ne ya fi damuna. Da na buɗe bawul, tururin farko ya daki silinda mai sanyi ya koma ruwa, injin ya yi ta tofar da shi ta bututun fita, wilin yana tafiya yana cijewa. Wannan asarar ce injiniya James Watt ya lura da ita lokacin da aka ba shi gyaran ƙaramin samfurin tsohon injin tururi na Newcomen a Jami'ar Gilasgo, har ta kai shi ga ware wurin sanyaya tururi daban, abin da ya yi wa rajista a 1769. Da silindar ta ɗauki zafi, sai injin ya miƙe da gudu mai santsi, yana iya tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ya tsaya ba. A wannan lokaci na yaba wa wanda ya tsara zanen, domin awonsa daidai yake, kuma na ji a raina cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai duk lokacin da na tuna cewa rigar tagullar Baba ce take riƙe da tururin, sai yabon ya ragu. Akwai kuma batun zaren noti, wanda na tsohon ma'aunin Ingila ne da ake kira BA, kuma tallar ba ta faɗi haka ba. Na zagaya shagunan kayan aiki ban sami abin yanka irin wannan zare ba, dole na sake yin oda daga waje, aikin ya tsaya yana jira. Wanda yake da injin sassaƙa ƙarfe da haƙuri zai ji daɗin zanen, amma ya tambayi mai sayarwa a rubuce, tun kafin ya biya, ko zai canza zubin da aka tarar da rami a cikinsa. Ni dai ba zan sake saye a hannun wannan ba.