Dashen mangwaro mai naɗin algarara, da igiyar da ke ƙarƙashinsa

Mangwaro mai aure da na saya a wajen masu renon itatuwa na bakin titi a Kaduna ya zo da curin ƙasarsa naɗe cikin buhun algarara, kuma ya fi ƙananan dashen baƙar leda kwarjini nesa ba kusa ba, domin ya kusa kai ni tsawo, ganyensa shar, mahaɗar auren ta warke sarai. Kuɗinsa ya ninka na leda, amma ban ja ciniki ba.

Mai lambun ya ce in saka shi a rami yadda yake, kada in kwance komai, wai algarara tana ruɓewa a ƙasa, saiwoyi su ratsa. Na haƙa rami mai faɗin curin sau biyu, zurfinsa daidai da curin don kada gindin ya nutse, na dasa a watan Yuli da damina ta kankama. Shekarar farko bai ba ni matsala ba, har ina nuna wa baƙi shi.

A damina ta biyu ne ganyen ya soma rawaya yana zuba, alhali ƙasa a jiƙe take. Da na tona gindin a hankali, sai na tarar da shuɗiyar igiyar roba ɗaure tamau a wuyan itacen, ta nutse cikin ɓawo, saman wurin ya kumbura. Ta ɓawon nan ne abincin da ganye ke haɗawa yake sauka zuwa saiwoyi, don haka igiyar shaƙe shi take yi. Algararar kam ta ruɓe kamar yadda mai lambun ya faɗa, gara ta ƙarasa sauran, amma a ƙarƙashinta akwai yankin buhun taki na leda da aka tallafe curin da shi, saiwoyin sun nannaɗe a ciki sun rasa mafita.

Na koma na shaida masa, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai kowa ya san ana yanke igiya." Wannan dariyar ta fi igiyar ɓata mini rai, tunda da bakinsa ya hana ni kwancewa.

Na yanke igiyar, na zare ledar gwargwadon abin da hannu ya kai, itacen ya sake tofo, kuma ba zan musa cewa irin mai kyau ne ba. Sai dai dashen leda da maƙwabcina ya sa a daminar da na sa nawa ya riga ya kamo shi a tsawo, da rabin kuɗin. Idan zan sake sayen mai algarara, sai mai lambu ya buɗe wuyan naɗin a gabana na ga abin da aka ɗaure shi da shi kafin in biya.