Yaya, ga yadda muka yi da gwazarma a Riyad

Salam Yaya, ya gida ya su Inna? Na ji saƙonka kan tsutsar da ke cin saiwar tumatir a lambu, shi ne na ce bari in ba ka labarin abin da na gani a nan.

Gidan hutun da nake kula da shi, istiraha suke ce masa, ciyawar tsakar gidan ta fara bushewa tsibi-tsibi, kana kamawa sai ta ɗago kamar tabarma don ba saiwa, a ƙasa kuwa gwazarma ce farare sun lanƙwashe da jan kai. Ni da na saba da gida na ce a kawo maganin feshi, sai mai shagon kayan gona ya ce yara na wasa a wurin? Na ce e. Sai ya buɗe firji ya ɗauko wata leda kamar garin alkama, wai nematod, wasu tsutsotsi ne masu rai da ido ba ya gani, miliyoyi a leda ɗaya. Kana damawa a ruwa ka zuba bayan magariba, ƙasa a jiƙe, don rana kashe su take. Su ne ke shiga jikin gwazarmar su saki ƙwayar cuta, kwana 2 ta mutu. Wallahi da na tona bayan sati na same su sun koma ja-ja sun yi laushi, kuma tsutsar nan tana, mai gyara ƙasa, na nan da ranta ba abin da ya same ta, wannan ya fi komai yi min daɗi.

Amma da tsada, kuma ba ya jure zafi, sai da muka jira Oktoba. Abin da ke damuna kenan in na tuna gida, kayan da sai a firji ina zai zauna a kasuwarmu da wuta ba tabbas? Ga maganin da ake ɗura mana a kwalba ba suna ba ranar lalacewa, a nan kuwa komai a rubuce da Larabci har adadin da za ka zuba.

Mu ma fa muna da namu. Ka kafce lambun ka saki kaji da zabi su tsince, kamar yadda belbela ke bin garma. Ka daka ƙwallon darbejiya ka cuɗa da ƙasa, kuma don Allah kar ka zuba takin shanu ɗanye, a ciki buzuzu ke ƙwai, ƙwan ne ke zama gwazarma. In ka tona ka turo min hoton tsutsar ta WhatsApp in nuna wa mai shagon.