Shagon gyaran laftof a Gusau da ba ya gaggawar yin fomat

Laftof ta riƙa mutuwa haka kawai, ko ta fito da shuɗin allo ana tsakiyar aiki, abin da yawancin masu gyara ke cewa shi ne "sai an yi mata fomat". Akwai wani ƙaramin shago a Tudun Wada da ke Gusau wanda ba haka yake aiki ba, kuma shi ya sa na ga ya cancanci a yi magana a kansa.

Tambayar farko da mai shagon ke yi ita ce: "Yallaɓai, yaushe take mutuwa? In tana kan tebur, ko sai an ɗaga ta?" Tambayar gwani ce. Matsalar Windows ba ruwanta da motsi. Amma laftof ɗin da ke lafiya lau a kan tebur, sai an ɗauke ta da hannu ɗaya ko an danna gefen kibod ta tsaya cak, to wani abu ne ya saki a ciki. Yawancin na'urorin da ke hannun mutane a nan HP EliteBook ne da Dell Latitude na gwanjo, waɗanda aka sha buɗewa tun kafin su iso. Ga jijjigar kabu-kabu a jakar ɗalibi, ga ƙurar hunturu. Ba mamaki.

Kafin ya kwance noti ko ɗaya, yana kunna gwajin gano matsala da ke cikin na'urar: a Dell a danna F12 yayin kunnawa, a HP kuma Esc sannan F2. Daga nan ya zare caja, ya cire batir, ko ya zare kebul ɗinsa daga bod (babban farantin lantarkin da ke cikin na'urar) in na ciki ne, ya danne makunni kamar daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita. Wannan matakin ne masu garaje ke tsallakewa, su ƙone bod.

A kan RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta laftof, aikinsa ya fi burge ni. Yana buɗe ƙarafa biyu na gefe da ke riƙe da shi, RAM ɗin ya ɗago da kansa, ya zare shi yana riƙe da gefuna. Haƙoran zinaren, 260 a RAM irin DDR4, 204 a irin DDR3, yana goge su da isopropyl (sinadarin goge kayan lantarki) mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ba da fetur ba. Sai ya soka shi a karkace har haƙoran su shige gurbin, ya danna ƙasa sai an ji ƙas. In RAM biyu ne, ɗaya bayan ɗaya yake gwadawa, a kowane gurbi, don a gane ko RAM ɗin ne ya lalace ko gurbin. Haƙori ɗaya ya kasa taɓawa da kyau ya isa ya jawo saƙon matsalar MEMORY_MANAGEMENT a shuɗin allo.

Sai ma'ajiyar fayiloli, wato SSD. Siririn nan irin M.2 noti ɗaya tak ke riƙe da shi, in ya ɓata ko ya saki sai ya riƙa ɗagawa, HP ta rubuta Boot Device Not Found da lambar 3F0. A tsoffin na'urori kuma, an sha sa SSD mai kaurin milimita 7 a gurbin faifai mai 9.5 ba tare da maƙalli ba, ya riƙa zamewa daga mahaɗinsa. Yana da ajiyar ƙananan notuna da maƙallai, ba ya cusa kwali ya rufe. In allo ne ke walƙiya ana buɗe murfi, yana jona talabijin ta HDMI. In hoto ya tsaya daram a can, kebul ɗin allo ne da ya bi ta gwiwar murfin.

Inda nake da ƙorafi biyu ne. Gwajin bayan gyara gajere ne: da Windows ta tashi sai a miƙo maka. Matsala mai zuwa tana tafiya ba a tabbatar da gyaranta haka. Ka nemi a sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya yi zagaye ɗaya cikakke aƙalla, a kuma ɗaga na'urar a motsa ta tana kunne. Na biyu, ba ya ɗaura abin hannu mai sauke tartsatsin lantarkin jiki, taɓa ƙarfe kawai yake yi, alhali a busasshen iskar hunturu tartsatsin nan ya fi yawa.

Kuɗin aikinsa bai kai na sayen sabon RAM ba, kuma fayilolinka na nan yadda ka bar su. Sai dai in laftof ɗinka siririya ce mai RAM liƙe da dalma a jikin bod, babu abin zarewa a mayar, kuma yana faɗa maka haka kai tsaye. In kuma ka ga wurin linzamin da ake goga yatsa a ƙasan kibod ya ɗago, batir ne ya kumbura, kada ka sake sa caji kafin ka kai masa.