Gilashin VR ko monita: shawarar wanda aka taɓa damfara

Wani ƙanena a nan Birnin Kebbi ya tara 'yan kuɗaɗensa ya zo ya same ni: "Yaya, gilashin VR zan saya ko babbar monita ta wasa?" Kafin ya rufe baki na ce monita.

Ba wai VR, wato gilashin da ake ɗaurawa a fuska ka ga kamar kana cikin wasan, ba shi da daɗi ba. Meta Quest 3 da ya fito a 2023, da ƙaninsa mai sauƙin kuɗi Quest 3S na 2024, ba sa buƙatar kwamfuta ko PS5. Ka yi caji, ka ɗaura a fuska, sai ga ka a wata duniya. Ranar farko har ihu za ka yi. Sai dai cajinsa awa biyu ne da ɗoriya, kuma ka tuna inda muke: a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga soso manne a fuska kana tsalle, nan da nan gumi ya lulluɓe gilashin. Wasu kuma jiri ke ɗibarsu. Idan rana ta haska ta cikin gilashin, tana iya ƙona allon ciki. PlayStation VR2 sai da PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi. Apple Vision Pro na dala 3,499 kuwa, a bar wa masu shi.

Mu wasanmu na taro ne. Mutum biyu riƙe da pad suna kafsawa a EA Sports FC ko eFootball, biyar a baya suna zuga, wanda aka ci ya tashi. Gilashi kuwa mutum ɗaya yake ɗauka, saura su zuba masa ido yana dukan iska.

Monitar da nake so ita ce mai inci 27, 1440p (wato kaifin hoto), allon IPS (irin wanda launinsa ba ya dusashewa ko ka kalla daga gefe), 144Hz ko 165Hz. Wannan Hz ɗin shi ne sau nawa hoto ke sabuntuwa a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya saba da 60 ya ga 144, ba ya komawa. In PS5 gare ka, 120 ne iyakarta, kada ka zubar da kuɗi a kan 240Hz. In kuma 4K, wanda ya fi 1440p kaifin hoto, kake so a 120, sai monita mai mashigar waya ta HDMI 2.1. Monita mai allon OLED ta fi ta IPS kyan launi, amma abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar allon maki, yana iya barin tabo. Ga shi monita ba ta da cin wuta, ƙaramar inbata da sola suna riƙe ta, kuma da rana ka yi aikinka a kanta.

To, ga inda aka yi min sakiyar da ba ruwa. Wani na gani yana talla a Facebook, ya ce 165Hz ce 'yar Kwatano. Na tura kuɗi, ya sako ta a mota, na je tasha na karɓa da murna. Ashe tsohuwar monitar ofis ce mai 60Hz, aka manna mata sitika. Lambarsa har yau a kashe.

Kada ka yarda da kwali, kada ka yarda da sitika. Ka duba lambar samfurin da ke bayanta, ka nema a shafin kamfanin a gaban mai shago. A jona ta da kwamfuta, ka shiga saitin allo ka ga 144 da idonka. Ka sa hoto fari fat, sannan baƙi ƙirin, ka nemi ɗigon da ya mutu. Ka bar ta a kunne minti talatin, don wasu sai sun yi zafi suke fara ƙiftawa. Wayar HDMI ma akwai jabu, an rubuta 2.1 alhali ba ta kai ba. Su ma 'yan VR ba su tsira ba: akwatin roban nan da ake zura waya a ciki ba Quest ba ne, ko kusa.

In ka kai ta gida, kada ka jona ta a bango kai tsaye ba stabiliza, kuma da hunturu ka riƙa rufe ta da zane.